Idan ayyuka dubu suka yi karo a sabar banki: Yadda ake tsare manhajar sirri daga rikicewa

A Idi-Araba, cikin ƙaramar hukumar Mushin ta Jihar Legas, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango a maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, kaso mai yawa na ciniki ya koma kan waya da na'urar POS. Mai shayi da mai suya da tela duk suna karɓar kuɗi ta asusu, haka ma mahauta a mayankar Oko-Oba ta Agege da dillalan tumatir da albasa a kasuwar Mile 12. Kowace turawa tana ɗauke da lambar asusu da adadin kuɗi da shaidar mai asusun, kuma tana ratsa layukan sadarwar da ba na mai turawa ba ne, ba na bankinsa ba ne. Abin da ke hana wani karanta ta ko sauya ta a hanya shi ne kulle bayanan da lissafin sirri kafin su bar wayar, sannan a buɗe su a babbar kwamfutar da ke karɓar buƙatu, wadda ake kira sabar.

Nauyin da ke kan waɗannan na'urori ba ƙarami ba ne. Hukumar NIBSS, mallakar Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci, wadda ofishinta ke kan titin Ahmadu Bello a Victoria Island, ta ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take a 2011. A Janairun 2012 aka fara gwajin manufar rage amfani da tsabar kuɗi a Legas. Sai kuma sauyin fasalin naira da Babban Bankin ya sanar ranar 26 ga Oktoba, 2022, wanda ya haddasa ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, ya tilasta wa har waɗanda ba su taɓa yarda da banki ba buɗe asusu. Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta wannan tsari ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023.

Maƙalewar kuɗi da jama'a suka sha fama da ita a wancan lokaci tana da dalilai barkatai, daga raunin layin sadarwa zuwa sabar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta. Amma cunkoso irin wannan shi ne kuma yanayin da wani nau'in kuskure, wanda ba ya nuna kansa a ranakun da babu hada-hada, yake fitowa fili. Kuskuren yana faruwa ne idan ayyuka biyu da ke gudana a lokaci guda suka kai hannu kan abu ɗaya a cikin manhajar da ke kulle bayanan.

Rumbun da kowa ke ɗiba

Babu kamfani mai hankali da ke rubuta lissafin sirri daga tushe don kansa. Aikin yana da wuya, kuma kuskure ƙanƙani yana rusa shi gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne a ɗauko rumbun manhaja, wato tarin ayyukan da wasu suka riga suka rubuta suka kuma gwada, a haɗa shi da manhajar da ake ginawa. Duk lokacin da ake son kulle saƙo, ko tantance takardar shaidar wani shafi, ko samar da mabuɗin sirri, sai a kira rumbun ya yi.

Mafi shahara daga cikinsu shi ne OpenSSL. Ya samo asali ne daga SSLeay, wanda wasu 'yan Ostareliya biyu, Eric Young da Tim Hudson, suka fara a 1995, sannan wasu masu aikin sa kai suka ɗora a kansa da sabon suna a ƙarshen 1998. Shi ne ke aiwatar da ƙa'idar TLS, wadda ta gaji SSL ta kamfanin Netscape, kuma ita ce ma'anar ɗan kwaɗon da ake gani a gefen adireshin shafin intanet. Manhajojin sabar irin su Apache da nginx da HAProxy, waɗanda ke tsaye a ƙofar shafuka da bankuna a faɗin duniya, galibi da shi suke aiki. Wayoyin Android kuwa suna amfani da BoringSSL, reshen da kamfanin Google ya cire daga jikin OpenSSL a 2014. Ke nan mai shayin Idi-Araba da bai taɓa jin sunan ba yana hulɗa da shi, ko da ɗansa, sau da yawa a yini.

Zare da rige-rige

A da, manhaja takan yi aiki ɗaya ta gama kafin ta kama wani. Sabar da ke amsa dubban mutane ba za ta iya haka ba. Don haka ake raba manhaja ɗaya zuwa layukan aiki da dama da ke tafiya tare, kowane layi ana kiransa zare. An daidaita ƙa'idar zarurruka ta POSIX a 1995, kuma tun da kamfanonin Intel da AMD suka fara sayar da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai ƙwaya biyu a 2005, zarurrukan suka koma gudana a daidai lokaci guda da gaske, ba bi-da-bi cikin sauri kawai ba. Sabar ta yau tana iya samun ƙwayoyi 64 ko fiye.

Amfanin zare shi ne dukansu suna zaune a ɗaki ɗaya, suna ganin ma'adanar bayanai ɗaya, ba sai an kwafa wa kowa nasa ba. Nan ne kuma matsalar take.

A ɗauki misalin dillalin albasa mai yara biyu da littafin lissafi ɗaya. Littafin ya nuna ragowar naira 100,000. Yaro na farko ya karɓi 20,000 daga mai saye, ya duba littafi, ya ga 100,000, ya fara lissafi a ransa. Kafin ya rubuta, yaro na biyu ya biya mai mota 30,000, shi ma ya duba ya ga 100,000, ya rubuta 70,000. Na farko ya dawo ya goge ya rubuta 120,000. Ragowar gaskiya 90,000 ce, amma littafin ya ce 120,000, alhali babu wanda ya yi sata, babu kuma wanda ya yi kuskuren tarawa ko ɗebewa. Da na biyun ne ya rubuta daga ƙarshe, da 70,000 za a gani. Sakamakon ya dogara ne kan wanda ya riga wani, shi ya sa sunan rige-rige ya dace da shi.

A cikin kwamfuta ma, ƙara ɗaya a kan lamba ba mataki ɗaya ba ne: sai an karanta, a ƙara, a mayar. Tazarar da ke tsakanin matakan ba ta kai kaso ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, saboda haka manhaja tana iya yin watanni lafiya lau, ta wuce duk gwajin da aka yi mata, sai ranar da buƙatu suka yi yawa ta faɗi. A kashe a kunna, ta ci gaba kamar babu abin da ya faru, injiniya ya nema ya rasa. Irin wannan kuskure ne a manhajar gargaɗi ta XA/21 ta kamfanin General Electric ya sa ɗakin kula da wuta na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohio ya makance ranar 14 ga Agusta, 2003, lamarin da ya taimaka wajen jefa kimanin mutum miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada.

Maganin ya girmi matsalar a zamaninta na yanzu. A 1965 masanin lissafin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa hanyar da za a tabbatar cewa aiki ɗaya ne kaɗai ke taɓa abin tarayya a kowane lokaci. Dabarar ta yi kama da ta layin dogo mai hanya ɗaya, inda direba ba ya shiga tsakanin tashoshi biyu sai sandar izini tana hannunsa, kuma sandar guda ɗaya ce tak. A manhaja ana kiran wannan kwaɗo: zare ya kulle, ya yi aikinsa, ya buɗe, wanda ya tarar a kulle ya jira.

Abin da ake tarayya a kansa

Rumbun sirri yana da abubuwa da dama da duk zarurruka ke taɓawa, kuma lalacewar kowanne da irin ɓarnarsa.

Akwai ma'ajiyar zaman da aka riga aka ƙulla. Gaisuwar farko tsakanin waya da sabar tana cin lissafi mai nauyi, don haka sabar takan ajiye bayanin zaman domin idan wayar ta dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Zarurruka da yawa suna sakawa suna cirewa a wannan ma'ajiya ba dare ba rana.

Akwai kuma ƙidayar masu riƙe da abu, wadda ta fi kowanne haifar da ciwon kai. Takardar shaidar sabar, alal misali, guda ɗaya ce a ma'adana, amma haɗi ɗari suna iya amfani da ita a lokaci guda. Rumbun yana riƙe da lamba: duk wanda ya ɗauka a ƙara ɗaya, duk wanda ya gama a rage ɗaya, idan ta kai sifili a share abin a mayar da gurbinsa. Kamar tabarmar aro ce a majalisa, da aka ce wanda ya tashi a ƙarshe ya naɗe ya mayar wa mai ita. Idan ƙidayar ta rikice, ko dai a naɗe tabarmar alhali da mutum a kai, ko kuma mutum biyu kowa ya ɗauka shi ne na ƙarshe: na farko ya naɗe ya tafi, wani ya shimfiɗa tasa a wurin, na biyu ya zo ya naɗe ta wancan. A harshen C, wanda da shi aka rubuta OpenSSL, babu mai tsawatarwa idan haka ta faru. Mafi sauƙin sakamako shi ne sabar ta faɗi. Mafi muni shi ne ɗan kutse da ya fahimci lamarin ya shirya abin da za a shimfiɗa a gurbin, ya sa sabar ta aiwatar da umarninsa.

Sai injin samar da lambobin ƙuri'a, wato lambobin da babu mai iya hasashensu, waɗanda daga su ake ƙera mabuɗan sirri. Idan zare biyu suka karanci halin da injin ke ciki kafin ɗayansu ya gusar da shi gaba, za su iya fita da lamba iri ɗaya. Wannan ba ya kayar da sabar, ba ya kuma barin wata alama. Tsaron ne kawai ke zarewa a ɓoye. A tsarin sa hannu na ECDSA, amfani da lambar ƙuri'a ɗaya wajen sa hannu kan saƙonni biyu mabambanta ya isa a lissafo mabuɗin sirrin ɗungurungum. Ta wannan ƙofa aka fasa tsaron na'urar wasa ta PlayStation 3 a Disamban 2010, kuma ta nan aka sace kuɗin Bitcoin daga wasu asusun wayoyin Android a Agustan 2013. A waɗancan lokuta biyu ba zare ne sanadin maimaituwar ba, amma sun nuna abin da maimaituwar ke jawowa ko daga ina ta fito.

Tsohon tsari: kowa ya zo da kwaɗonsa

Kusan shekara ashirin, OpenSSL bai kulle komai da kansa ba. Ya ware wurare kimanin arba'in da ke buƙatar kwaɗo, ya ba kowanne lamba, sannan ya bar wa mai rubuta manhaja ya kawo ayyuka biyu ya miƙa masa kafin a fara komai. Na farko, wanda ake miƙawa ta CRYPTO_set_locking_callback, shi ne mai kullewa da buɗewa idan rumbun ya ce a kulle lamba kaza. Na biyu shi ne mai faɗa wa rumbun wane zare ne ke magana, domin a ajiye wa kowa rahoton kurakuransa daban.

Da dalilin yin haka. A tsakiyar shekarun 1990 kowane tsarin kwamfuta da irin zarensa: Windows da nata, Solaris da nata, ƙa'idar POSIX kuma sabuwa ce fil. Rumbun da ke son ya yi aiki a ko'ina ya ga ya fi masa sauƙi kada ya zaɓi ɓangare. Amma a zahiri nauyi ne aka sauke daga kan ƙwararru kaɗan aka ɗora wa dubban masu manhaja da yawancinsu ba su ma san an ɗora musu ba. Babban aibin tsarin shi ne shirunsa. Wanda ya manta bai miƙa ayyukan ba ba ya ganin wani gargaɗi. Rumbun yana ci gaba da aiki kamar an kulle alhali ƙofa a buɗe take, har zuwa ranar da cunkoso ya tona asiri.

Matsala ta biyu ta fi wannan sarƙaƙiya. Manhaja ta zamani ba rumbu ɗaya take amfani da shi ba. Manhajar biyan kuɗi tana iya ɗauke da libcurl don magana da wasu bankuna da kuma libpq don magana da ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL, kuma kowannensu a ƙarƙashinsa OpenSSL ɗin nan ɗaya yake kira. Gurbin miƙa kwaɗo kuwa guda ɗaya ne ga manhajar baki ɗaya. To wa zai miƙa? Idan kowa ya zaci ɗan'uwansa ya yi, babu kwaɗo. Idan kowa ya miƙa nasa, na baya ya ture na farko, kuma zaren da ya kulle da tsohon kwaɗo zai je buɗewa da sabo. Idan ɗaya ya gama aikinsa ya kwashe kwaɗonsa, ya bar ɗayan a fili. Masu PostgreSQL sai da suka ƙara wani aiki na musamman, PQinitOpenSSL, wanda amfaninsa kawai shi ne mai manhaja ya ce wa libpq ta tsame hannunta domin an riga an shirya. Shi kuwa libcurl, aikin da ke tayar da shi a farkon manhaja bai zama mai aminci ga zarurruka ba sai a siga ta 7.84.0 da ta fito a Yunin 2022.

Ko wanda ya yi komai daidai bai tsira ba, domin rumbun kansa yana da wuraren da aka manta ba a nemi kwaɗo ba. A Nuwamban 2010 aka sanar da kuskure mai lamba CVE-2010-3864, rige-rige da ke shafar sabar mai zarurruka da ke amfani da ma'ajiyar zama ta cikin rumbun. Apache ta kuɓuta ne saboda tana da tata ma'ajiyar daban. A Agustan 2014 aka gyara CVE-2014-3509, a Yunin 2015 kuma CVE-2015-1791, wanda shi ne ainihin labarin tabarmar da aka naɗe sau biyu, a ɓangaren mai neman haɗi.

Abin da ya sauya a 2016

Abin mamaki shi ne kuskuren da ya kawo gyara ba na zare ba ne. Ranar 7 ga Afrilu, 2014 aka bayyana Heartbleed, ramin da ya ba kowa damar tsotsar bayanai daga ma'adanar sabar, har da mabuɗan sirri, kuma ya shekara biyu a buɗe. Da aka waiwaya aka duba, sai aka tarar rumbun da bankuna da gwamnatoci suka jingina da shi yana samun gudummawar kimanin dala 2,000 ne a shekara, da mutum ɗaya tak mai yi masa aiki na cikakken lokaci. Gidauniyar Linux ta tattaro kuɗi daga manyan kamfanoni, aka ɗauki ma'aikata, masu OpenBSD kuma suka cire nasu reshen mai suna LibreSSL.

Ranar 25 ga Agusta, 2016 aka fitar da OpenSSL 1.1.0. Daga wannan siga rumbun ya ɗauki nauyin kulle kayansa da kansa, yana amfani da kwaɗon POSIX ko na Windows gwargwadon inda yake gudana, yana kuma tayar da kansa sau ɗaya ko da zare goma suka kira shi a tare. Tsofaffin ayyukan miƙa kwaɗo an bar sunayensu domin kada tsofaffin manhajoji su ƙi haɗuwa, amma ba sa yin komai. Siga ta 1.1.1, wadda ta zo ranar 11 ga Satumba, 2018 da TLS 1.3, ta sake fasalin injin lambobin ƙuri'a: uwa ɗaya a sama, kowane zare kuma da nasa ƙananan injina da ke ɗibar iri daga gare ta. Abin da ba a tarayya a kansa ba ya buƙatar kwaɗo.

Sai dai kalmar aminci a nan tana da iyaka, kuma a nan ne masu manhaja ke yawan yin tuntuɓe har yau. Rumbun yana tsare kayan cikinsa ne, ba kayan da ya miƙa wa mai manhaja ba. Abin da ke wakiltar haɗi ɗaya tsakanin waya ɗaya da sabar, ba a yarda zare biyu su taɓa shi a lokaci guda ba, ko da ɗaya karatu yake ɗaya rubutu, domin TLS tana iya buƙatar yin rubutu a tsakiyar karatu. Wanda ke son raba aikin haka dole ya sa nasa kwaɗon. Abin da ke riƙe da tsare-tsaren sabar baki ɗaya kuwa, da takardar shaida da jerin hanyoyin kullewa, ana iya tarayya a kansa muddin an gama shirya shi kafin zarurruka su fara aiki. Idan takardar shaida ta ƙare ana son sauya ta ba tare da kashe sabar ba, hanyar da ta dace ita ce a gina sabo cikakke a gefe, a juya sababbin haɗe-haɗe zuwa gare shi, a bar tsohon har masu riƙe da shi su watse.

Kwaɗo ma da kuɗinsa

Mai karatu zai iya cewa to a kulle komai mana a huta. Kwaɗo ɗaya babba a kan rumbun baki ɗaya zai kawar da rige-rige, amma zai mayar da sabar mai ƙwayoyi 64 tamkar mai ƙwaya ɗaya, kamar banki mai tagogi goma da alƙalami ɗaya. Ƙananan kwaɗuna masu yawa kuma suna kawo tasu fitinar. Zare na farko ya riƙe kwaɗon ma'ajiya yana jiran na takardar shaida, na biyu ya riƙe na takardar shaida yana jiran na ma'ajiya, su tsaya cirko-cirko har abada, kamar motoci biyu da suka yi gaba da gaba a ƙaramin lungun Mushin kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja baya. Ana kauce wa wannan ne da doka mai sauƙin faɗi da wuyar kiyayewa: duk zaren da zai ɗauki kwaɗo fiye da ɗaya ya ɗauke su a jeri guda da aka amince da shi.

OpenSSL 3.0, da ya fito ranar 7 ga Satumba, 2021, ya nuna cewa ko ƙwararru ba su gama da wannan ciniki ba. Sabon fasalinsa yana nemo kowace hanyar lissafi ne daga wani kundi na tarayya a lokacin da ake buƙatarta, kuma neman yana bi ta kwaɗo. A ƙaramar na'ura ba a lura sosai, amma a sabar mai ƙwayoyi da yawa zarurruka sun koma ɓata lokaci a layin jira. Masu ƙera HAProxy sun wallafa gwaje-gwajen da suka nuna cewa a wasu yanayi ƙara zarurruka rage sauri yake yi maimakon ƙarawa. Sigogin da suka biyo baya sun maido da wani ɓangare na saurin, kuma shawarar da masu rumbun ke bayarwa ita ce manhaja ta nemo hanyar lissafin sau ɗaya a farko ta riƙe, maimakon nema a kowane haɗi.

Wasu sun zaɓi kauce wa zare ɗungurungum. Manhajar nginx tana tayar da ma'aikata masu zaman kansu ne, kowanne da ɗakinsa, kowanne yana jujjuya dubban haɗe-haɗe shi kaɗai. Wannan ma da nasa tarkon: ma'aikacin da aka kwafo daga uwarsa yana gadon halin da injin lambobin ƙuri'arta ke ciki, kuma idan ba a sabunta ba 'yan'uwa biyu za su iya fitar da lambobi iri ɗaya. An gyara rauni irin wannan, mai lamba CVE-2019-1549, a siga ta 1.1.1d a Satumban 2019. Wasu kuma sun koma harshen Rust, wanda tun wajen haɗa manhaja yake ƙin amincewa da rubutun da zai bar zare biyu su sauya abu ɗaya ba kariya. Da shi aka rubuta rumbun rustls.

Gano irin waɗannan kurakurai yana buƙatar kayan aiki na musamman, irin su ThreadSanitizer da Helgrind, waɗanda ke sa ido kan kowace taɓawa su kai rahoton inda zare biyu suka haɗu babu kwaɗo, ko da a wannan karon ba a yi ɓarna ba. Amma rahoton na'ura ba ya maye gurbin fahimta. A 2006 wani mai kula da tsarin Debian ya cire layuka biyu daga injin lambobin ƙuri'a na OpenSSL domin ya kashe gargaɗin da na'urar bincike ta Valgrind ke yi. Garin neman gira aka rasa ido: mabuɗan da tsarin ke iya ƙerawa suka taƙaitu zuwa kimanin dubu 32 ga kowane nau'i, kuma ba a gano ba sai a Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello ya lura.

Wanda alhakin ke kansa a gida

Daga Idi-Araba zuwa Yaba, inda cibiyar CcHUB da tarin kamfanonin fasaha suke a kan titin Herbert Macaulay da kewaye, tafiya ce ta ɗan lokaci idan hanya ta yi kyau. A can da sauran sassan Legas ake rubuta yawancin manhajojin kuɗi da 'yan kasuwar zango ke amfani da su. Akasarin masu rubutun ba sa kiran OpenSSL kai tsaye; suna aiki ne da harsuna irin su Python da PHP da Node.js, waɗanda ke kiran sa a madadinsu. Wannan ya rage musu wahala, amma ya kuma sa kamfani zai iya ɗauke da tsohuwar siga a cikin kayansa bai sani ba, musamman a manhajar da aka saya daga waje tun shekarun baya ko a na'urar da ba a taɓa sabuntawa ba.

Doka ba ta karɓar wannan a matsayin uzuri. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsaro na fasaha, ta kuma wajabta masa sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifukan Intanet ta 2015 a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton hari daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72, Babban Banki kuma yana da nasa ƙa'idojin tsaron intanet da bankuna ke bi tun 2019.

Shi ɗan kasuwa abin da ke hannunsa kaɗan ne: ya sabunta manhajar bankinsa da tsarin wayarsa idan sabuntawa ta zo, domin ta nan gyaran ke isowa gare shi, ya kuma riƙe shaidar kowace turawa. Sauran aikin na masu sabar ne, kuma yana farawa da sanin wace siga ke gudana. Tallafin kyauta na 1.0.2, siga ta ƙarshe mai tsohon tsarin kowa da kwaɗonsa, ya ƙare ranar 31 ga Disamba, 2019. Na 1.1.1 ya ƙare ranar 11 ga Satumba, 2023. An tsara na 3.0 ya ƙare a Satumban 2026, yayin da 3.5, wadda ta fito a Afrilun 2025, za a ci gaba da gyara ta har zuwa Afrilun 2030.